Jiragen da Ba Su Taɓa Tashi ba: Tarke a kan Ƙagaggun Kamfanonin Jiragen Sama

Gabatarwa

Tun daga lokacin da kwamfuta ta shiga gidajen jama'a a Turai da Amurka da gabashin Asiya, wata irin gasar zane ta kafu a tsakanin masu sha'awar jiragen sama. Ƙa'idarta ba ta da tsawo. Ana neman ɗan gasa ya ƙago kamfanin jiragen sama wanda babu shi a duniya, ya raɗa masa suna, ya faɗi ƙasarsa da birnin da ya yi wa mazauni, ya lissafo jiragen da ya mallaka, ya rubuta tarihinsa tun daga kafuwa, sa'an nan ya ɗinka wa jiragen riga, watau launuka da tambari da rubutun da ake shafawa a gangar jikin jirgi da wutsiyarsa. Bayan haka alƙalai, ko kuwa sauran ƴan gasar, su zaɓi gwani. Galibi babu kuɗi a ciki, ladar ita ce yabon tsara.

Wanda ya ji labarin a karon farko zai iya cewa wannan ai wasan yara ne da manya suka ƙi bari. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta ƙare zancen ba. Aikin da ya haɗa zane da ƙagaggen labari da sanin ƙasa da lissafin kasuwa a shafi ɗaya ya cancanci a feɗe shi kamar yadda ake feɗe wasan kwaikwayo ko littafin hikaya, a dubi jigonsa da zubinsa da salonsa. Idan aka yi haka, abu guda ke fitowa fili. A irin waɗannan ayyuka ido yakan fara sauka a kan fenti, kuma fenti ne ke jawo ƙuri'a, amma tarihin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton shi ke nuna ko mai aikin ya san abin da yake yi. Rigar da tarihi bai tilasta ta ba ana iya tuɓe ta a sa wa kowane jirgi, ba wanda zai lura.

Inda al'adar ta samo tushe

Masu shirya fim ne suka fara buƙatar kamfanin da babu shi, kuma dalilinsu na kasuwa ne. Ba kamfanin gaske da zai yarda a nuna jirginsa yana cin wuta ko ƴan fashi sun yi awon gaba da shi. Saboda haka fim ɗin Airport na 1970, wanda aka ɗauko daga littafin Arthur Hailey, ya yi hayar Boeing 707 ya shafa masa sunan Trans Global. A 1996 fim ɗin Executive Decision ya fito da sunan Oceanic a jikin Boeing 747. Da yake ɗaukar hoton jirgi a sararin sama yana da tsada, sai wasu masu fina-finan talabijin suka riƙa sake amfani da hotunan nan, har sunan ya zama na kowa. Lokacin da shirin Lost ya fara a 2004 da faɗuwar jirgin Oceanic mai lamba 815, sunan ya riga ya yi ƙaurin suna a matsayin kamfanin da ba ya kai fasinja gida. Irin wannan kamfani ba shi da tarihi kuma ba ya buƙatarsa, tun da an ƙago shi ne don ya yi hatsari kurum.

Tushe na biyu ya fi zurfi, kuma wanda ya yi karatu da Faransanci ya san shi. A littafin Objectif Lune na Hergé, wanda ya fito a 1953, Tintin ya hau jirgin Syldair, kamfanin ƙasar Sildabiya, ƙasar da Hergé ya riga ya ƙaga mata sarki da harshe da tambarin sarauta da maƙwabciya mai neman ta da faɗa. A nan sunan da ke jikin jirgi yana da ƙasa a bayansa. A littafin Vol 714 pour Sydney na 1968 kuma, mataimakin Hergé, Roger Leloup, ya tsara jirgin Carreidas 160 da irin kulawar injiniya, har aka buga hotonsa a tsage ana ganin cikinsa dalla-dalla kamar jirgin da za a ƙera gobe.

Tushe na uku shi ya haifi gasar kai tsaye. Manhajar koyon tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator ta fara fitowa a 1982, kuma fitowarta ta shekarun 2000 ta cika sararin samanta da kamfanoni irin su Orbit da Pacifica da World Travel, domin sunayen kamfanonin gaske suna da masu su. Masu wasa da manhajar suka koyi sake wa jiragen fenti, wasu suka kafa kamfanonin kansu a cikinta da jadawalin tashi da sauka. Daga nan aka samu farin hoton jirgi wanda aka zana ta gefe, babu launi babu rubutu, kowa ya ɗauka ya tufatar da shi. Wannan farin hoto shi ne allon ɗan gasa. Su ma kamfanonin gaske sun shiga harkar ta nasu ɓangaren: a 1993 kamfanin ANA na Japan ya mayar da Boeing 747 ƙaton kifin teku bisa zanen wata ƴar makaranta da ta ci gasarsa, kuma gasar da Airbus ya shirya domin rigar jirginsa na kaya A350F, wadda aka bayyana sakamakonta a 2023, ta tara zane fiye da 4000. Sai dai waɗannan gasa riga kaɗai suke nema. Gasar ƙagaggen kamfani tana neman rigar da mai rigar duka.

Rigar jirgi da dokokinta

Jikin jirgi ba takarda ba ne. Dogon bututu ne mai lanƙwasa, da jerin tagogi da ba a iya gusar da su, da ƙofofin da doka ta ce a kewaye su da launi dabam domin masu ceto su gan su daga waje. Dole lambar rajista ta fito sarai, kuma haruffanta na farko suna faɗin ƙasa: 5U na Nijar, 5N na Nijeriya, TU na Kodebuwa, ET na Habasha, F na Faransa, N na Amurka. Fentin babban jirgi yana kai ɗaruruwan kilo, kuma kowane kilo mai yake sha. Launi mai duhu yana tara zafi, yana kuma saurin kodewa. Fari yana korar rana, yana tona tsagewa da yoyon mai. Bugu da ƙari, kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, kuma farin jirgi ya fi sauƙin sauya hannu. Wanda ya raina farar riga yana cewa rashin basira ce bai dubi waɗannan dalilai ba.

Kazalika kowace riga tana da zamaninta. A shekarun 1950 abin da aka saba gani shi ne ƙarfe tsirara a ƙasa, fari a sama, da zirin launi mai bin jerin tagogi daga hanci zuwa wutsiya. A 1965 kamfanin Braniff na Amurka ya karya wannan al'ada. Bisa shawarar Mary Wells, mai sana'ar talla, Alexander Girard ya shafe jiragen da launi guda guda masu ɗaukar ido, wannan shuɗi, wancan ruwan goro, Emilio Pucci kuma ya ɗinka wa ma'aikata tufafi. A 1973 kamfanin ya miƙa wa mai zane Alexander Calder jirgin DC-8 sukutum ya yi masa ado. Daga shekarun 1970 kuma farar riga mai babban suna da wutsiya mai launi, irin ta Air France, ta bazu a Turai har ta mamaye duniya. American Airlines ya daɗe yana barin jiragensa ba fenti, ƙarfen na walƙiya, amma a 2013 ya bar wannan ado, kuma cikin dalilan har da cewa sababbin jirage irin Boeing 787 ba da zallar ƙarfe ake ƙera jikinsu ba, dole a shafa musu fenti. Tsuntsun nan dangin gauraka da ke wutsiyar Lufthansa kuwa Otto Firle ya zana shi tun 1918, Otl Aicher ya gyara masa zama a farkon shekarun 1960, kuma har yau yana nan. Tambari nagari yakan fi jirage da yawa tsawon rai.

A wannan fage ne ƴan gasa suka fi nuna gwaninta, a nan ne kuma kurakuransu suka fi saurin bayyana ga wanda ya san zamunna. Kwamfuta tana narkar da launi cikin launi ba wahala, sai ka ga an ɗora wannan salo a kan jirgin da aka ce na 1962 ne, lokacin da ake auna layi da zare ana rufe gefensa da takarda kafin a fesa fenti. Ko kuma a rubuta sunan kamfani da irin haruffan da ba a ƙirƙiro ba sai bayan shekara 30. Akwai kuma illar farin hoton nan na gefe: yana sa mai zane ya manta cewa jirgi yana da ciki da baya da ɗaya gefen, kuma fasinja ya fi ganinsa ta gaba daga tagar ɗakin jira, mutumin gari kuwa ta ƙasa yake hango shi. Zanen da ya yi kyau a shimfiɗe yakan karye idan aka naɗe shi a jikin bututu. Ayyukan da suka fi nagarta su ne waɗanda suka rungumi waɗannan ƙa'idoji maimakon su kauce musu, kamar yadda marubucin waƙa yake samun ƙarfinsa daga cikin kari da amsa-amo.

Garken jirage da tarihi

Lissafin jirage shi ne ɓangaren da mai karatu na gama-gari yake tsallakewa, alhali nan ne ake gane ƙarya mai tushe da marar tushe. Boeing 747 bai fara ɗaukar fasinja ba sai Janairun 1970, saboda haka ba shi da gurbi a tarihin 1965. Kamfanin wata ƙasa ta gabashin Turai a 1975 jiragen Tupolev da Ilyushin ake sa ran gani a hannunsa. In an ba shi Boeing, dole a faɗi dalili, kamar yadda siyasar Romaniya da ta Yugoslabiya ta bayyana yadda kamfanoninsu suka mallaki jiragen Yamma a wancan zamani. Ƙasa mai mutum miliyan biyu ba ta cika Airbus A380 guda goma. Filin jirgi mai tudu kamar na Adis Ababa, mai tsayin sama da mita 2300, ko mai tsananin zafi, yana rage nauyin da jirgi zai iya tashi da shi, domin iskar wurin ba ta da kauri. Kuma kowane sabon nau'in jirgi yana nufin sabon horon matuƙa da sabon rumbun kayan gyara, shi ya sa Southwest na Amurka ya gina kasuwarsa a kan Boeing 737 kaɗai. Ɗan gasar da ya tara nau'i goma sha biyu domin kowanne ya burge shi ya nuna cewa kantin kayan wasa ya shiga.

Amma babban rauni yana cikin tarihin kansa. Da yawa daga cikin tarihohin da ake ƙagawa kirari ne. An kafa kamfani da ƙaramin jirgi ɗaya, ya bunƙasa, ya sayi manya, ya buɗe hanyar Landan da Tokiyo, ya ci lambar yabo, ya sake bunƙasa. Ba yajin aiki, ba bashi, ba ministan da ya cusa ɗan'uwansa, ba shekarar da aka rasa kuɗin mai. Kirari yana da matsayinsa a adabi, amma aikinsa kambamawa ne, kuma mai sauraro ya san haka. Labari kuwa sai da cikas yake tafiya. Tarihin sufurin sama na gaske cike yake da cikas. Tashin farashin mai na 1973 ya girgiza kowa. Dokar da ta sakar wa kasuwar jirage mara a Amurka a 1978 ta sa Braniff ya buɗe hanyoyi barkatai, kuma a Mayun 1982 jiragen nan masu launi suka tsaya cik. Sabena na Beljiyam, wanda aka kafa a 1923, ya rushe a 2001. A Oktoban shekarar nan jiragen Swissair suka kwana a ƙasa saboda babu kuɗi a hannu, kamfanin da ake yi wa kallon banki mai fiffike. Misali mafi ban tausayi shi ne na Pan Am. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, Stanley Kubrick ya sa tambarinsa a jikin kumbon da ke kai fasinja sararin samaniya, domin a lokacin ba wanda ke tunanin ƙarni mai zuwa ba tare da shi ba. Kamfanin ya rufe a Disamban 1991, shekara goma kafin shekarar da fim ɗin ya ambata.

Ɗan gasar da ya fahimci wannan yakan rubuta tarihi dabam, kuma rigarsa takan fito daga cikin tarihin. A ɗauka an ce a ƙago kamfanin wani tsibiri da ya samu ƴancin kai a 1968. Rigar farko za ta yi kama da ta kamfanin tsohuwar uwargijiya, domin daga can aka aro jirage da matuƙa, sunan kawai aka sauya. Bayan juyin mulki sai launin tuta ya hau wutsiya, sunan ya ƙara tsawo. Lokacin da bashi ya yi katutu aka sayar da kashi 40 cikin ɗari ga baƙi, sai riga ta koma fara, tambari ya ƙanƙance, a kuma ga wani jirgin haya guda da ke yawo da launin tsohon mai shi saboda ba a samu kuɗin fenti ba. Wannan jirgi guda mai rigar aro ya fi jirage ashirin masu sheƙi gamsar da mai karatu, domin ya taɓa ganin irinsa a filin jirgi. A irin wannan aiki kowane sauyin launi yana da sanadi, kuma mai kallo yana iya karanta shekarun ƙasar a jikin jiragenta.

Aron adon wasu

Akwai wata matsala da ta shafi jigo. Ƴan gasa suna son ƙago kamfanonin ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, kuma abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne hoton katin gaisuwa. Idan an ce hamada sai raƙumi da faɗuwar rana, idan an ce Afirka sai zaki da zanen atamfa, idan an ce gabashin Asiya sai furen da kowa ya sani. Wannan ado na mai yawon buɗe ido ne. Ba ya tambayar yadda mutanen wurin suke son a gan su a filin jirgin wata ƙasa, wanda sau da yawa kishiyar abin da baƙo ke nema ne: sabuwar ƙasa takan so a ga zamananci a jikin jirginta kafin a ga gargajiya.

Tarihin gaske ya ba da darasi biyu a nan. A 1997 British Airways ya cire tsohon adonsa daga wutsiya ya sa zane-zanen masu fasaha daga sassan duniya, har da na Emmly da Martha Masanabo, ƴan ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu. Zanen suna da kyau, kuma an ambaci masu su. Duk da haka a gida abin bai karɓu ba. Margaret Thatcher ta rufe wutsiyar wani ɗan samfurin jirgi da hankici a bainar jama'a, abokin hamayya Virgin Atlantic ya ɗauki tutar ƙasa ya sa a jiragensa, kuma zuwa 2001 aka yanke shawarar mayar da tuta a kan dukan wutsiyoyi. Adon bai fito daga tarihin kamfanin ba, an yafa masa shi ne. Qantas na Ostareliya kuwa, a 1994, ya fito da Boeing 747 mai suna Wunala Dreaming, wanda ɗakin zane na Balarinji ya tsara. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗakin, John Moriarty, ɗan al'ummar Yanyuwa ne, cikin mutanen asalin ƙasar. Zanen ya ba da labarin dabbar nan kangaru da ta daɗe a wutsiyar kamfanin, amma ta bakin waɗanda suka riga kowa saninta. Aikin ya karɓu har kamfanin ya ci gaba da fito da irinsa. Ɗan gasar da zai ɗauki aska takwas daga wuyan riga ko kurus ɗin Agadas daga wuyan mace ya kai wutsiyar jirgi, ya kamata tarihinsa ya faɗi wanda ya zaɓi alamar, da shekarar, da waɗanda suka yi gunaguni saboda ba alamar yankinsu ba ce.

Inda ƙage da gaskiya suka haɗu

Mai karatu a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar a je da shi nesa kafin ya ga muhimmancin wannan magana. A ranar 28 ga Maris 1961, a Yawunde, ƙasashe 11 har da Nijar suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa Air Afrique, da mazauni a Abijan, da Cheikh Fall na Senegal a matsayin shugaba na farko. Da ɗan gasa ne ya kawo wannan tsari, kamfani guda mai gwamnatoci 11 a kansa, da alƙalai sun ce ya wuce gona da iri. Amma an yi shi, da koren ziri a jiki da kan dabba dangin barewa a tambari, da lambar RK a tikiti, da mujallar Balafon a aljihun kujera. Tarihinsa yana da dukan abin da ƙagaggun tarihohi suke rasawa. Kamaru ta fice a 1971 ta kafa nata, Gabon ta bi bayanta. Gwamnatoci suna ɗaukar tikiti bashi. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka nauyin basussukan da ake biya da kuɗin waje. A 1998 masu bin bashi suka karɓe jiragen Airbus A310 guda huɗu. A ƙarshe ma'aikata sun haura 4000, jiragen ba su kai goma ba, kuma a 2002 kamfanin ya rushe.

Abin lura shi ne rigar ta fi kamfanin tsawon kwana. A farkon shekarun 2020 wasu matasa ƴan asalin Afirka mazauna Paris suka farfaɗo da sunan a matsayin ƙungiyar al'adu, suka fito da mujalla a 2023, kuma a 2025 Nike ya fitar da takalmi tare da su mai lamba RK61, watau lambar tikiti da shekarar kafuwa. Ga kamfanin jiragen sama ba jirgi ko ɗaya, sai suna da launi da tarihi, daidai abin da ƴan gasa ke ƙagawa. Kuma abin da ya ba tambarin nauyi har matasan da ba su taɓa hawa jirgin ba suke ɗokinsa shi ne shekara 41 na tashi da faɗuwa da ke bayansa.

Akasin haka ya faru a Nijeriya. A Yulin 2018, a bajekolin jirage na Farnborough a Ingila, ƙaramin ministan sufurin sama na lokacin Hadi Sirika ya bayyana suna da tambari da rigar Nigeria Air. Bayan wata biyu aka dakatar da shirin. A ranar 26 ga Mayu 2023, kwana uku kafin miƙa mulki, wani Boeing 737 ya sauka Abuja sanye da rigar, aka yi biki. Lambar rajistarsa da ET ta fara. Jirgin Ethiopian Airlines ne, kuma ya koma inda ya fito ya ci gaba da aikinsa. A 2024 wata kotun tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar, ba tare da kamfanin ya taɓa sayar wa fasinja tikiti ba. A ma'aunin gasa wannan aiki ne mai riga ba garke ba tarihi, kuma haruffa biyu na rajista sun isa su tona shi. Bambancinsa da aikin ɗan gasa yana cikin alkawarin da aka yi wa mai kallo. Mai tatsuniya yakan buɗe da gatanan gatananku, ya rufe da ƙurunƙus, kowa ya san a duniyar gizo aka shiga aka fito. Ɗan gasa ma haka yake, ya faɗa tun farko cewa kamfaninsa babu shi. Wancan biki kuwa da kuɗin jama'a aka yi shi, kuma a matsayin gaskiya aka gabatar da shi.

Kammalawa

Gasar ƙagaggun kamfanoni ƙaramar fasaha ce, kuma ba a buƙatar a kambama ta. Yawancin abin da take fitarwa kwaikwayo ne na kamfanonin da ake da su, an sauya launi an sauya suna. Amma ƴan kaɗan daga cikin ayyukanta suna yin abin da ƙagaggen labari nagari yake yi: suna gina ƙarya da tubalin gaskiya har mai karatu ya fita ya fi fahimtar duniyar da yake ciki. Wanda ya taɓa zama ya lissafa jirage nawa ƙasa mai mutum miliyan 20 za ta iya cikawa, da inda kuɗin mai zai fito, da abin da zai faru ranar da darajar kuɗi ta faɗi, ba zai sake tafa wa jirgi hannu don fentinsa kawai ba. Malamin da ya ba ɗalibai irin wannan aiki zai tarar ya haɗa musu taswira da lissafi da tarihi da zane da rubutun zube a darasi ɗaya, har da wahalar raɗa suna mai daɗin faɗi a harshen gida wanda baƙo ma zai iya furtawa.

Gyaran da gasar ta fi buƙata yana hannun alƙalai, kuma ba shi da tsada. A rufe hoton tukuna, a karanta tarihin da lissafin jirage. Alƙali ya tambayi kansa irin rigar da wannan kamfani, a wannan ƙasa, a wannan shekara, da wannan bashi a wuyansa, zai iya sawa. Sa'an nan a buɗe hoton. Idan abin da ya gani ya dace da abin da ya karanta, ko kuma ya saɓa masa ta hanyar da tarihin ya riga ya ba da dalilinta, aikin ya ci. Idan kuwa ana iya musanya hoton da na ɗan gasa na kusa ba tare da labarin ya ji a jikinsa ba, sai a yaba wa hannun mai zanen, a ajiye kyautar ga wani.